Tarihin Saje Alvin York, Sojan Da Ya Koma Ƙauyensu Ya Gina Makaranta

Cikin dukan sojojin da ƙasar Amurka ta aika Turai a Yaƙin Duniya na Farko, watau wannan yaƙi da sojojin ƙasarmu suka kara da Jamus a Kamaru, babu wani ƙaramin soja da sunansa ya kai na Saje Alvin York. Abin da ya ɗaukaka shi ya auku ne da safiya guda cikin watan Oktoba 1918. Amma bayan wannan safiya sai da ya ƙara kusan shekara 46 a duniya, kuma galibinsu a ƙauyensu ya yi su, yana fafutikar samar wa mutanen da ya tashi a cikinsu makaranta da hanyar mota. Masu ba da labarinsa sukan daɗe a kan safiyar nan, sa'an nan su yi wa sauran shekarun tsallake. Mu kuwa muna ganin malaman makaranta da ma'aikatan ofis za su fi kowa gane irin wahalar da ya sha bayan ya tuɓe kakin soja, saboda haka za mu ba ta nata haƙƙi.

An haifi Alvin Cullum York ran 13 ga Disamba 1887 a wani ƙauye da ake kira Pall Mall, cikin gundumar Fentress ta jihar Tenesi, dab da iyakar jihar Kentaki. Ƙasar tsaunuka ce da kurmi, kogin Wolf ya ratsa ta kwarinta, kuma a zamanin nan ba ta da hanyar kirki. Shi ne na 3 cikin 'ya'ya 11, duk a gidan katako mai ɗaki biyu. Ubansa William manomi ne kuma maƙeri. Duk zaman da Alvin ya yi a makaranta, in aka tattara shi, bai wuce wata 9 ba, gama ana bukatarsa a gona da maƙera. Abin da ya ƙware a kai tun yana yaro shi ne harbi. A tsaunukan nan nama a daji yake, wanda bai iya bindiga ba iyalinsa sai su ci tuwo gaya, kuma maza sukan taru su yi gasar harbi da doguwar bindigar nan ta ɗuri irin ta kakanni, wanda ya ci ya tafi gida da talotalo ko kason naman sa.

Cikin 1911 uban ya rasu. Yayyen Alvin biyu sun riga sun yi aure sun tashi, saboda haka nauyin uwa da ƙanne ya faɗo a kansa. Ya yi lebura a aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, ya yi saran katako. A shekarun nan ne kuma ya lalace da shan giya da caca da faɗa a mashayun da ke bakin iyakar Kentaki, uwarsa na ta yi masa faɗa ba ya ji. Cikin 1914 aka kashe wani amininsa a irin wannan faɗa na mashaya, abin ya girgiza shi ƙwarai. Ran 1 ga Janairu 1915, a wurin wani taron wa'azi, ya tuba ya shiga wata ƙaramar ɗariƙar Kirista mai tsanani, wadda ta hana giya da rawa da zagi da zub da jini. Bai yi tubar muzuru ba. Ya zama mai ba da waƙa a cocin, yana kuma karantar da yara ran Lahadi.

Yana cikin wannan hali Amurka ta shiga yaƙi da Jamus cikin Afrilu 1917, aka kafa dokar ɗaukar soja tilas. York yana da shekara 29, dokar ta hau kansa. Da taimakon limamin cocinsu, Rosier Pile, ya nemi a ɗauke masa, domin addininsa ya hana shi kisa. Hukuma ta ƙi, a kan cewa ɗariƙar tasu ba ta cikin waɗanda aka san suna da rubutacciyar aƙida ta ƙin yaƙi. Bai gudu ya ɓuya a tsauni ba, ko da yake ya san kowane kogo da ke cikinsa. Cikin Nuwamba 1917 ya kai kansa barikin Gordon a jihar Jojiya, aka sa shi a runduna ta 82.

A nan akwai abin lura game da hafsoshinsa biyu, Kyaftin Edward Danforth da Manjo Edward Buxton. Sun ga mutum ne mai ɗa'a, gwanin harbi, amma zuciyarsa ba ta natsu ba. Da sun so, da sai su kulle shi a gadurum ko su ɗora masa aikin wahala. Maimakon haka suka zauna da shi da Littafi Mai Tsarki na Kirista a tsakaninsu, ya kawo aya su kawo aya, sa'an nan suka ba shi hutun kwana 10 ya je gida ya yi tunani. Ya hau tsauni shi kaɗai ya yi addu'a, ya komo bariki ya ce ya yarda zai tafi. Bai manta da mutuncin da Buxton ya yi masa ba, har ya sa wa ɗaya daga cikin 'ya'yansa sunansa.

Rundunar ta isa Faransa cikin 1918. Da safiyar 8 ga Oktoba bataliyarsu ta tasam ma Jamus kusa da ƙauyen Chatel-Chéhéry, a dajin Argonne, da nufin ta datse wata hanyar jirgi da suke kawo kaya ta kanta. Bindigogi masu ruwa na Jamus da ke bisa tudu suka tsai da su cik. Sai aka tura mutum 17 ƙarƙashin Saje Bernard Early su zagaya ta baya, York yana cikinsu, a lokacin yana kofur. Suka faɗa wa waɗansu Jamusawa ba zato suka kama su. Suna cikin tattara fursunoni, masu bindigogin kan tudu suka juyo da bakinsu suka buɗe wuta. Nan take mutum 6 suka mutu, 3 suka yi rauni, har da Early. Shugabanci ya faɗo wa York. Sauran mutum 7 suna tsaron fursunoni suna mai da wuta gwargwadon iko, shi kuwa ya tsaya yana ɗauke masu bindigogin ɗaya ɗaya, duk wanda ya ɗago kai. Waɗansu suka taso masa da banati, ya harbe su da ƙaramar bindigar hannu, ya fara daga na baya ya gangaro zuwa na gaba, yadda maharban ƙasarsu suke yi wa garken talotalon daji don kada na gaba su farga. Daga bisani hafsan Jamus, Laftanan Paul Vollmer, ya ba da kai. Sa'ad da York da mutanensa suka iso wurin nasu, aka ƙirga fursunoni 132. Bayan wata guda da 'yan kwanaki, ran 11 ga Nuwamba, aka tsai da yaƙi.

Aka ƙara masa girma ya zama saje, cikin Afrilu 1919 aka ba shi lambar jarumtaka mafi girma ta Amurka, Faransa ma ta ba shi tata. Ya kamata mu faɗa cewa ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Waɗansu daga cikin abokansa sun ji zafin yadda aka ɗora wa mutum guda yabon mutum 17, shi Early sai 1929 aka ba shi tasa lambar, kuma masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan wanda ya yi wane abu a kwarin nan. Shi York bai taɓa son maganar ba, gama kisa ne, kuma bai daina jin nauyinsa ba.

Wata mujalla mai suna Saturday Evening Post ta buga labarinsa ran 26 ga Afrilu 1919, saboda haka ko kafin jirginsu ya iso Niyu Yok cikin watan Mayu sunansa ya gama ƙasa. Aka yi masa gagarumar tarya, aka sauke shi a babban otal, a Washinton kuma 'yan majalisa suka miƙe tsaye suna tafa masa. 'Yan kasuwa da masu gidajen wasa suka yi masa caa, kowa yana miƙo kuɗi masu yawa don ya hau dandamali ko ya sa sunansa a talla. Duk ya ƙi, domin a ganinsa ba daidai ba ne mutum ya ci riba da kakin da abokansa suka mutu a ciki. Ya kama hanyar gida. Ran 7 ga Yuni 1919 ya auri Gracie Williams, wata yarinyar ƙauyensu, Gwamnan jihar, Albert Roberts, shi ya zo da kansa ya ɗaura auren.

Kyauta ɗaya ya karɓa, ita ce gona mai eka 400 wadda ƙungiyar Rotary ta birnin Nashville ta yi alkawarin saya masa. Ashe kyautar da saura. Kuɗin da aka tara ba su cika ba, gidan ba a gama shi ba, ba dabbobi ba kayan noma, sai da ya ci bashi ya sayo. Amfanin gona ya faɗi warwas bayan yaƙi, biyan kashin kuɗin gonar ya komo kansa, har aka yi fargaban za a ƙwace ta. Sai da jaridu suka yi ta kururuwa jama'a suka sake tara gudummawa, aka biya ragowar a ƙarshen 1921.

To, a wannan lokaci tunaninsa ya riga ya tafi wani wuri. A bariki ya zauna da samari daga manyan birane, ya ga Niyu Yok da Faris, ya kuma ga yadda rashin ilmi yake ɗaure wa mutum harshe a gaban na gaba da shi. Da ya komo sai ya dubi gundumarsu da sabon ido. Makarantun ƙauye 'yan ɗaki guda ne, ana buɗe su 'yan watanni a shekara, yawancin yaran tsauni ba sa wuce farkon karatu, kuma ko da akwai babbar makaranta ba hanyar da za su bi su je. Ya fara da hanyar. Ya dame manyan jiha da zuwa da roƙo, cikin shekarun 1920 aka gina hanyar mota da ta ratsa gundumar, wadda aka sa wa sunansa.

Makarantar ita ce ta sha masa rai. Nufinsa a gina wurin da ɗan talaka zai koyi karatu da lissafi tare da aikin gona da sana'a, don ya amfani ƙasarsu ba sai ya gudu birni ba. Mutumin da ya ƙi hawa dandamali don aljihunsa, sai ga shi yana bin garuruwan Amurka a jirgin ƙasa yana lacca yana roƙon taimako. Jama'a suna cika ɗaki don su ji labarin Argonne, shi kuma yana karkatar da magana zuwa ga yaran da ba su san ko baƙi ba. Abin da ake samu bai kai yawan tafin da ake yi ba. Cikin 1928 ya yarda aka buga littafin rayuwarsa tare da abin da ya riƙa rubutawa a fagen fama, har ila yau don makarantar ta samu. Majalisar jihar Tenesi ta ba da dala 50,000, aka kuma nemi majalisar gunduma, wadda aikinta ya yi kama da na tsohuwar En'e, ta kawo nata kaso.

Nan fa rigima ta tashi, irin wadda duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ilmi ya sani. Aka yi ta ja-in-ja a kan inda za a kafa makarantar, da wanda zai riƙe kuɗinta, da wanda zai ɗauki malamai. Manyan gunduma ba su ji daɗin ganin ɗan maƙeri mai karatun wata 9 yana tsara musu sha'anin ilmi ba. Daɗa ga siyasa, shi ɗan jam'iyyar Dimokurat ne, gundumar kuwa ta 'yan Rifablikan ce. Shi ma ba mai saurin sassautawa ba ne, in ya kafe ya kafe. Duk da haka aka kafa makarantar a 1926 a Jamestown, babban garin gundumar, da sunan Makarantar Aikin Gona ta York, sabon gininta kuma ya buɗe a 1929.

Ba a yi sa'ar shekara ba. A 1929 ɗin nan ne kasuwa ta karye a Amurka, bankuna suka yi ta rufewa, talauci ya game ƙasa. Kuɗin da Gwamnatin jiha ta yi alkawari suka daina zuwa yadda ya kamata. Makarantar kuwa ba ta da amfani ga yaran tsauni in babu motar da za ta ɗebo su da safe ta mai da su da yamma. York ya jinginar da gonarsa, wannan gona da aka sha wuya kafin ta zama tasa, don motocin su ci gaba da tafiya. A ganinmu wannan jingina ta fi abin da ya yi a Argonne wuya. Can abu ne na sa'a guda, jini yana tafasa, ba lokacin tunani. Nan kuwa magidanci ne mai 'ya'ya da yawa ya zauna da hankalinsa ya sa hannu a takardar da za ta iya raba iyalinsa da muhallinsu, saboda 'ya'yan waɗansu.

Sakamakon da ya samu shi ne a 1936 abokan hamayyarsa suka ture shi daga shugabancin makarantar, a 1937 kuma Gwamnatin jiha ta karɓe ta gaba ɗaya. Ba za mu ce masu sukarsa ba su da hujja ko kaɗan ba. York ba gwanin ajiye lissafi ba ne, hannunsa a sake yake, kuma makarantar da ke rayuwa a kan laccar mutum guda da jinginar gonarsa ba ta da tabbas. Karɓewar da Gwamnati ta yi ita ta tsirar da ita. Amma da zafi a ce wa mutum ilminsa bai kai ya shugabanci makarantar da ya gina ba, alhali rashin ilmin nan ne ya sa ya gina ta. Wani da sai ya yi fushi ya juya baya. Shi bai daina ba ta kuɗi ba, bai kuma daina halartar bikin sallamar ɗalibai ba sai da ciwo ya hana shi. A tsakanin nan, daga 1935 zuwa 1940, ya yi aikin albashi yana duba samarin da Gwamnati ta ɗauka aikin gyaran daji da gina madatsar ruwa a tsaunin Cumberland.

Sa'ad da Hitila ya taso, York yana cikin waɗanda suka ce lalle Amurka ta shirya, ya kuma yi jayayya a fili da masu cewa a bar Turai da rigimarta. Wannan ne ya sa a 1940 ya amince wa Jesse Lasky, wanda ya shekara 20 yana binsa, a yi fim na rayuwarsa. Ya so a nuna aikin makarantar, masu fim suka ga yaƙi ya fi ciniki. Fim ɗin ya fito a 1941, Gary Cooper ya fito a matsayin York har ya ci babbar kyautar 'yan wasa, kuma babu fim ɗin da ya kai shi kawo kuɗi a shekarar. Labarin ya tsaya ne a 1919, ango da amarya suna duban gida da gonar da aka ba su kyauta. Bashin da ke kan gonar da rigimar makaranta ba su shiga ba.

Da Amurka ta shiga yaƙin a ƙarshen 1941 ya nemi komawa fagen fama, aka ƙi, domin ya kai shekara 54, ga ƙiba ga rashin lafiya. Sai aka ba shi muƙamin manjo, ya riƙa zaga barikoki yana ƙarfafa kurata, yana tara wa Gwamnati rancen yaƙi. A gida kuma shi ne shugaban kwamitin ɗaukar soja na gundumarsu. A wannan kujera ya ga abin da ya daɗe yana faɗa: aka yi ta komo da samarin Fentress masu yawa daga wurin gwaji, ƙarfafa lafiyayyu, saboda ba su iya karatu da rubutu ba. Abin ya ɓata masa rai har ya nemi a tara masa irinsu bataliya guda ya ja su da kansa, tun da ya san babu wanda ya fi su harbi. Ba a karɓi shawarar ba.

Kuɗin fim sun shigo, kuma ba su daɗe ba. Ya zuba kaso mai yawa a ginin wata makarantar koyon addini a Pall Mall, wadda ba ta yi ƙarko ba. Ya sa waɗansu a haƙar man fetur. Yana da kanti da injin niƙa a bakin kogin Wolf, maƙwabta suna ɗaukar kaya bashi, shi kuwa ba ya iya cewa a'a. Abin da bai kula da shi ba shi ne haraji. Cikin 1951 ofishin haraji na Gwamnatin tarayya ya taso masa a kan kuɗin fim, kuma da ruwan da ya yi ta hawa bashin ya haura dala 100,000 nesa ba kusa ba. Lafiyarsa ta riga ta taɓu tun 1948, daga 1954 kuwa jikinsa ya shanye, ya kwanta bai ƙara tashi ba, idanunsa ma suka raunana. Shekara 10 takardun haraji suna zuwa gidan, sai a 1961 Shugaban Majalisar Wakilai, Sam Rayburn, da wakilin yankinsu, Joe Evins, suka buɗe asusun taimako. Jama'a daga ko'ina cikin ƙasar suka aiko da abin da ya sawwaƙa, aka daidaita da ofishin haraji.

Ya rasu ran 2 ga Satumba 1964 a asibitin tsofaffin sojoji na Nashville, yana da shekara 76. Aka kai shi Pall Mall aka binne shi a maƙabartar da ke kusa da kogin Wolf. Matarsa Gracie ta rasu a 1984, aka sa ta kusa da shi. Gidan da gonar da injin niƙan yanzu suna hannun Gwamnatin Tenesi, ta mai da su wurin tarihi da baƙi ke ziyarta. Makarantar tana nan a Jamestown da sunansa, ta zama sakandare, Ma'aikatar Ilmi ta jihar ce ke tafiyar da ita kai tsaye, kuma yaran gundumar Fentress ne ke karatu a cikinta.